Gada a Rufe, Bututu a Buɗe

Jama'a masu saurare, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau zai tsaya ne a bakin kogin Kwara, tsakanin Gaya ta Nijar da Malanville ta Benin.

Bayan da sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka garƙame gadar da ta haɗa garuruwan biyu. A Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin. Benin ta buɗe nata ɓangaren, amma Yamai ta yi kememe ta ƙi, tana zargin maƙwabciyarta da bai wa sojojin Faransa masauki. Benin ta musanta.

To, akwai hajar da ba ta bin gada. Kamfanin CNPC na ƙasar Sin ya shimfiɗa bututun mai na kusan kilomita 2,000, daga rijiyoyin mai na Agadem a Nijar zuwa tashar jiragen ruwa ta Seme a Benin. A Afrilun 2024 ya bai wa gwamnatin sojin Nijar ta Janar Tchiani rancen dala miliyan 400, da sharaɗin za a biya da ɗanyen mai. Da watan Mayu ya kama, Shugaban Benin na lokacin, Patrice Talon, ya hana lodin man, ya ce sai an buɗe iyaka. Nan da nan Sinawa suka shiga tsakani, jirgin farko ya yi lodi ya tashi. A Yuni Benin ta kama 'yan Nijar biyar a tashar, Yamai kuwa ta toshe bututun. Kafin ƙarshen Agusta mai ya ci gaba da kwarara.

Ku duba fa. Rigimar mai, wadda har kame aka yi a cikinta, cikin 'yan watanni aka kashe ta, ita kuwa gada ta haura shekara biyu a rufe. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: Sin na jiran kuɗinta, Benin na karɓar kuɗin fito, baitulmalin Nijar kuma ba zai jure rashin kuɗin mai ba. Mai buhun albasa fa, wa zai shiga tsakani dominsa?

Manyan motocin da a da suke ɗauko kaya daga Kwatano sun koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso, ayari-ayari da rakiyar sojoji saboda 'yan bindiga. Ƙananan 'yan kasuwa kuma sai kwalekwale, a sauke kaya a wannan gaɓa, a sake lodi a waccan. Duk kuɗin wannan wahala a kan farashin shinkafa yake sauka a kasuwannin Yamai da Doso.