Amsoshin Tambayoyinku: Shin Hayaƙi Yana Iya Kaiwa Ga Ƙwaƙwalwa?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Wata baiwar Allah ta rubuto tana tambaya: wai da gaske ne hayaƙin da ake shaƙa a titi yana kaiwa har ƙwaƙwalwa, alhali an ce tana da shinge?

To malama, shingen yana nan. Bangon ƙananan hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa ƙwayoyin halitta ne da suka manne da juna ƙam. Oksijin da sukari suna wucewa, guba da yawancin ƙwayoyin cuta kuwa a nan suke tsayawa.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙanƙantar burbushin. Kaurin gashin mutum kusan maikuromita 70 ne (maikuromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Burbushin da ake kira PM2.5 bai wuce 2.5 ba, kuma a cikinsa akwai wanda bai kai 0.1 ba, irin wanda injin dizal, birkin mota da wutar itace ke fitarwa. Wannan shi ne abin tsoron. Wani burbushin yakan gangara can ƙasan huhu ya shiga jini ya tayar da kumburi, kumburin kuma ya sassauta furotin da ke riƙe mannewar, irin su claudin-5 da occludin, sai shingen ya fara yoyo. Wani kuwa ko ta kan shingen ba ya bi: daga saman kogon hanci yake bin jijiyar sansana kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa. An fi ganin haka a gwajin dabbobi, amma a 2016 masana na Jami'ar Lancaster sun gano burbushin ƙarfe irin na hayaƙi a ƙwaƙwalwar mutanen da suka rayu a birnin Meziko da Manchester.

Wani mai sauraro kuma ya ce, takunkumin fuska yana maganin wannan burbushin?

Malam, na ƙyalle ba ya tare irin wannan burbushin yadda ya kamata. Takunkumi mai tace iska nau'in N95 ake so, shi ma sai ya kama fuska sosai. In akwai ɓula a gefen hanci, ko gemu ya ɗaga shi, iska ta nan za ta bi. A cunkoson motoci a rufe gilashi, a sa na'urar sanyaya mota ta riƙa juya iskar ciki. A ɗaki, matatar iska ta HEPA tana taimakawa matuƙar ana canja ta a kan lokaci. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce kada PM2.5 ya wuce maikurogiram 15 (maikurogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) a kowace mita kubik ta iska a matsakaicin awa 24.