Motsa jiki a cikin ɗaki da kujera ɗaya da jakar goyo

Masu kallo, barkanmu da warhaka. Kafin komai, ku gwada filin da kuke da shi. Ku kwanta a ƙasa ku miƙe ƙafafu, sannan ku buɗe hannuwa gefe da gefe. Idan ba ku taɓa bango ko gado ba, filin ya isa. Kamar mita 2 ta kowane ɓangare ke nan.

Kayan aikin ba su da yawa. Kujera mai ƙwari marar taya, a jingina ta da bango don kada ta zame. Shimfiɗa mai kauri wadda ba ta santsi. Sai jakar goyo da robobin ruwa. Lita 1 ta ruwa nauyin kilo 1 ce, don haka roba 4 masu lita ɗaya da rabi a cikin jaka sun ba ku kilo 6, kuma kun san daidai abin da kuke ɗagawa.

A shawarar da ta fitar a 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, sannan ya yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Wannan na ƙarshen ne mutane suka fi tsallakewa, saboda suna zaton sai da ƙarafa. Ita tsoka ba ta san ƙarfe ba. Abin da ke gina ta shi ne aikin da ya fi ƙarfin abin da ta saba, a riƙa ƙara mata shi kaɗan-kaɗan.

A fara da ɗumama jiki na minti 5: taka ƙafa a wuri ɗaya ana ɗaga gwiwa, juya kafaɗu, juya ƙugu, tsugunawa rabi-rabi. Doguwar miƙa ta jan jijiya a bar ta sai an gama.

Na farko, tsugunawa. Ku tsaya gaban kujera kun juya mata baya, ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, yatsu sun ɗan kalli waje. Ku fara tura ƙugu baya, ku sauka har ɗuwawu ya taɓa kujerar, amma kada ku zauna, ku taso da ƙarfin dunduniya. A nan abubuwa uku ne suka fi lalacewa. Gwiwoyi su karkato ciki suna neman haɗuwa yayin tasowa, galibi saboda tsokokin gefen ƙugu ba sa riƙe cinya. Maganinsa ku tura gwiwa waje ta bi layin yatsun ƙafa. Ko dunduniya ta ɗage daga ƙasa, wanda yawanci taurin idon sawu ke jawowa. Ku ƙara buɗe ƙafafu, ko ku sa siririn littafi ƙarƙashin kowace dunduniya. Ko mutum ya faɗa kan kujerar gaba ɗaya, alamar cinya ba ta riƙe nauyin a ƙasa ba tukuna. Ku ɗora matashi a kan kujerar don rage zurfin. Idan gwiwa ta ɗan wuce yatsun ƙafa kuma dunduniya na ƙasa, ba ciwo, babu laifi a ciki.

Idan tsugunawar ta yi sauƙi, kada ku tafi neman sau 50. Ku rage gudu, ku ƙirga daƙiƙa 3 kuna sauka. Bayan nan ku rungume jakar a ƙirji. Daga baya ku koma ƙafa ɗaya a gaba ɗaya a baya, kuna sauke gwiwar baya kusa da ƙasa. Wanda ya ƙware sai ya ɗora ƙafar bayan a kan kujera. A nan mafi yawan nauyin jiki yana kan cinya ɗaya, kuma ko mai ƙarfi zai ji a jikinsa kafin ya kai 10.

Na biyu, turawa, wato dafa ƙasa da hannu biyu ana sauke ƙirji ana turo shi sama. Wanda bai iya ba ya fara da bango, sannan ya sauko bakin tebur mai nauyi, sannan kujerar da ke jingine, kafin ƙasa. Mun fi son wannan hanya a kan durƙusawa a gwiwa, domin tun ranar farko jiki ke koyon miƙewa sambal daga kai har dunduniya. Hannuwa su ɗan fi faɗin kafaɗa. Gwiwar hannu kada ta baje gefe daidai da kafaɗa, domin hakan na matse gaɓar kafaɗar; ta koma baya kaɗan, kamar digiri 45 daga haƙarƙari. Idan ƙugu ya lotsa ƙasa, ciki ya saki, kuma ƙasan baya ne zai ɗauki wahalar. Ku matse ciki da ɗuwawu, in ya ƙi ku koma matakin baya mai sauƙi. Mai jin zafi a wuyan hannu ya dunƙule hannu ya dafa a kan tawul da aka ninke.

Na uku, jawowa. Wannan shi ne wanda masu atisaye a gida suka fi bari, saboda babu abin ratayawa, sai ƙirji ya yi ta ƙarfi an bar gadon baya. Ku dafa kujera da hannun hagu, ku sunkuya daga ƙugu, baya a miƙe. Ku riƙe jakar da hannun dama, ku jawo gwiwar hannu zuwa wajen aljihun wando, ku tsaya daƙiƙa 1 kuna jin allon kafaɗa ya matso tsakiyar baya, sannan ku sauke a hankali. Idan kun ga kuna murɗa jiki don jakar ta taso, ko kafaɗa na hawa wajen kunne, nauyin ya yi yawa, ku cire roba ɗaya. Muna roƙonku kada ku rataya jikinku a ƙofa ko ƙarƙashin tebur marar nauyi. Ƙofa na buɗewa, tebur na kifewa. In za ku sayi abu ɗaya tak, ku sayi robar atisaye mai miƙewa, kuma ku duba ta kowane lokaci ko ta fara tsagewa, don idan ta tsinke fuska take nufa.

Sauran biyun gajeru ne. Ɗaga ƙugu: ku kwanta rigingine, gwiwa a lanƙwashe, tafin ƙafa a ƙasa, ku ɗaga ƙugu har ya yi layi ɗaya da gwiwa da kafaɗa. Idan bayan cinya ya ɗaure, ku matso da dunduniya kusa da jiki. Sai ƙamewa, wato ku kifa ku riƙe jiki a miƙe a kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa, daƙiƙa 20 zuwa 30. Da zarar baya ya fara lotsawa, an gama, ko da lokaci bai cika ba. A nan mu faɗi gaskiya: atisayen ciki yana ƙarfafa tsokar ciki, amma ba ya zaɓar kitsen tumbi ya ƙona shi. Kitse na raguwa ne a jiki gaba ɗaya.

Kowane motsi, ban da ƙamewa, a yi shi sau 8 zuwa 12, a huta daƙiƙa 60 zuwa 90, a maimaita zagaye 2 ko 3. Ku tsaya lokacin da kuke jin kamar sau 2 kawai za ku iya ƙarawa. Idan kun cika 12 a duk zagayen, a zaman atisaye biyu a jere, ba tare da tsayuwar jiki ta lalace ba, lokacin ƙara wahala ya yi: kilo 1 a jaka, ko mataki na gaba. Ku rubuta abin da kuka yi a takarda. Wanda ba ya rubutawa yakan yi wata shida yana maimaita abu ɗaya yana mamakin me ya sa babu canji. Tsakanin zama da zama a bar aƙalla awa 48, misali Litinin da Alhamis, ko Litinin, Laraba da Juma'a.

Numfashi kuma: ku fitar da iska lokacin yunƙuri, ku shaƙa lokacin saukowa. Riƙe numfashi ana yunƙuri yana sa jini ya hau farat ɗaya, yana iya kawo jiri.

Don zuciya da huhu ba sai an yi tsalle ba, musamman idan akwai mutane a ƙasan benenku. Ɗaga gwiwa da sauri a wuri ɗaya, kai naushi a iska, hawa da sauka a matakala ɗaya. Daƙiƙa 40 ana yi, 20 ana hutawa, sau 10 zuwa 20. Idan kuna iya magana amma ba ku iya rera waƙa, kuna matsakaici. Idan kalma biyu ko uku kawai ke fita kafin ku ja numfashi, kun shiga mai tsanani. Ku buɗe taga, ku ajiye ruwan sha kusa, domin ƙaramin ɗaki saurin ɗaukar zafi yake yi.

Tsamin jiki bayan atisaye ba abin tsoro ba ne. Yakan fi tsanani tsakanin awa 24 zuwa 72, sannan ya lafa, kuma tafiya a hankali na sassauta shi. Zafi mai suka a cikin gaɓa daban ne. Ku bar wannan motsin, ku koma mai sauƙi. Ciwon ƙirji, jiri, ko sarƙewar numfashi da ba ku saba ba, ku tsaya nan take ku nemi likita. Masu hawan jini, ciwon zuciya ko ciwon suga, masu juna biyu, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, su fara jin ta bakin likitansu kafin su soma.

Idan rashin lafiya ko aiki ya sa kun yi mako 2 ko 3 ba ku yi ba, kada ku ɗora daga inda kuka tsaya. Ku rage zagaye ɗaya, ku cire roba ɗaya ko biyu daga jaka, ku yi mako guda a haka, sannan ku koma lissafin da ke takardarku.