Super League: Yadda magoya baya suka rusa shirin manyan kulob 12 cikin kwana biyu

Jama'a barkanmu da wannan lokaci. Ranar Lahadi 18 ga Afrilun 2021, muna cikin watan azumi, Kelechi Iheanacho ya zura ƙwallo ɗaya tilo a ragar Southampton a filin Wembley, ya kai Leicester City wasan ƙarshe na Kofin FA. A lokacin Leicester ce ta uku a teburin Firimiya. Arsenal tana ta tara, kuma a ranar da ƙyar ta yi kunnen doki da Fulham a gidanta.

Kafin gari ya waye, sai ga sanarwa. Manyan kulob 12 na Turai sun ce sun kafa tasu gasar, mai suna Super League. Arsenal tana ciki, da kujerar da ba mai iya ƙwace mata. Leicester kuwa ba a ko gayyace ta ba.

To, me ya sa wannan shiri, da aka zuba wa biliyoyin kuɗi, bai yi ko kwana uku a tsaye ba? Kuma shin duk masu son ƙwallo ne suka ƙi shi?

Bari mu fara da abin da aka tsara. Shida daga Ingila: Manchester United, Manchester City, Liverpool, Chelsea, Arsenal da Tottenham. Uku daga Sifaniya: Real Madrid, Barcelona da Atletico Madrid. Uku daga Italiya: Juventus, AC Milan da Inter Milan. Shugaban gasar shi ne Florentino Perez na Real Madrid, cikin mataimakansa akwai Andrea Agnelli na Juventus da Joel Glazer na Manchester United. Bankin JP Morgan na Amurka ne zai ba da kuɗin somawa, kuma an yi wa kulob ɗin da suka kafa gasar alkawarin yuro biliyan 3.5 su raba.

Gasar za ta ƙunshi ƙungiyoyi 20, ana buga ta a tsakiyar mako, wato daidai ranakun Gasar Zakarun Turai. Gurbi 15 na waɗanda suka kafa ta ne, dindindin. Gurbi biyar kacal aka bar wa sauran Turai kaf su yi ta kokawa a kai kowace shekara. Bayern Munich da Borussia Dortmund da Paris Saint-Germain, waɗanda aka sa ran za su cike 15 ɗin, ba su shiga ba.

A kan wannan gurbi na dindindin rigimar ta tsaya. Ƙwallon Turai an gina ta ne a kan hawa da sauka. Ka yi ƙoƙari ka hau, ka yi sakaci ka faɗa gasar 'yan dagaji. Gurbin Gasar Zakaru da gumi ake samunsa kowace kaka, ko kai wane ne. Super League ta ce wa kulob 15: ko kun ƙare na goma a gida, kuɗinku da kujerarku suna nan. Kamar a shirya dambe ne a ce tun kafin a ɗaure hannu an yanke cewa wane da wane ba za a taɓa ƙirga faɗuwarsu ba. Wa zai biya kuɗin ƙofa?

Kuma magoya baya sun yi tambayar da ta dace: wa ya ce waɗannan 12 su ne manya? Tottenham rabonta da lashe gasar Ingila tun 1961. Nottingham Forest ta ci Kofin Turai, wato Gasar Zakaru a tsohon sunanta, sau biyu, a 1979 da 1980. Aston Villa ta ci a 1982. Ajax tana da huɗu, kuma a 2019 ta je har Bernabeu ta lallasa Real Madrid da ci 4 da 1. A ranar da aka yi sanarwar, Arsenal da Tottenham da Atletico da Manchester City babu wadda ta taɓa ɗaga wannan kofi ko sau ɗaya. Ashe ba tarihi aka duba ba, ba kuma ƙwazon wannan kaka ba. Yawan kuɗin shiga aka duba, da yawan masu sayen riga a duniya.

Masu shirin suna da tasu hujjar, kuma ya kamata mu ji ta. Annobar korona ta rufe filaye fiye da shekara, kuɗin tikiti ya ƙafe, albashin 'yan wasa kuwa bai tsaya ba. Barcelona bashi ya kai mata wuya. Bayan 'yan watanni shugabanta Joan Laporta ya ce bashin ya kai yuro biliyan 1.35, kuma a watan Agustan shekarar ta kasa riƙe Lionel Messi. Perez ya fito a talabijin ya ce ceto ƙwallo suka zo yi. Ya ce matasa 'yan shekara 16 zuwa 24 sun daina damuwa da kallon wasa saboda wasannin da ba su da armashi sun yi yawa, har ya ce ana iya rage tsawon wasa.

Amma ku dubi masu kulob ɗin Ingila. Iyalan Glazer su ne masu Tampa Bay Buccaneers. Stan Kroenke na Arsenal shi ne mai Los Angeles Rams. John Henry na Liverpool shi ne mai Boston Red Sox. A manyan wasannin Amurka ba a faɗuwa ƙasa. Mai kulob ya san abin da zai shigo masa baɗi da baɗin baɗaɗa. Wannan tabbacin ne ɗan kasuwa yake so, shi ne kuma abin da mai goyon baya ba ya so, domin rashin tabbas ɗin ne ke sa zuciyarsa ta buga a minti na 90.

Yanzu ku ga yadda abin ya wargaje.

Tun yammacin Lahadi, da labarin ya fara fita, tsohon kyaftin ɗin Manchester United Gary Neville ya caccaki tsohuwar ƙungiyarsa a tashar Sky, ya kira abin tsantsar haɗama. Ranar Litinin Liverpool ta je Leeds. 'Yan wasan Leeds suka fito motsa jiki sanye da riguna da ke cewa a sami gurbi da gumi, ƙwallo ta magoya baya ce. Bayan an tashi 1 da 1, James Milner na Liverpool ya ce shi ba ya son shirin, kuma yana fatan ba zai yiwu ba. Magoya bayan Liverpool suka ce za su kwashe tutocinsu daga Kop, ɓangaren filin Anfield da aka san su da shi. Pep Guardiola, kocin Manchester City a lokacin, wanda masu biyansa albashi suna cikin 12 ɗin, ya ce abin da aka tabbatar wa mutum nasara a cikinsa, wanda shan kaye ba ya nufin komai, ba wasa ba ne.

Abin lura a nan shi ne, ba magoya bayan ƙananan kulob da aka bari a waje ne suka fi ɗaga murya ba. Magoya bayan kulob shidan da za su ci moriyar ne. An ce musu ga Real Madrid da Juventus kowace shekara, ga kuɗin sayen duk ɗan wasan da kuke so, suka ce ba ma so. Wani binciken jin ra'ayi na YouGov a Birtaniya ya nuna kashi 79 cikin ɗari na masu bin ƙwallo ba su yarda ba, kashi 14 ne kawai suka goyi baya.

Ranar Talata 20 ga wata, magoya bayan Chelsea suka yi cincirindo a ƙofar Stamford Bridge gabanin wasa da Brighton. Ku tuna, a lokacin ba a barin 'yan kallo su shiga fili saboda korona. Suka tare hanyar motar 'yan wasa, sai da tsohon golansu Petr Cech ya fito yana roƙonsu. Suna nan tsaye labari ya iso cewa Chelsea na shirin ficewa, suka ɓarke da sowa kamar an ci ƙwallo. Manchester City ce ta fara fitar da sanarwa a hukumance. Kafin gari ya waye, duk shidan sun janye. Arsenal ta rubuta wa magoya bayanta cewa ta yi kuskure, tana neman afuwa. Washegari John Henry ya fito a bidiyo ya ba da haƙuri, Atletico da Inter da AC Milan su ma suka ja da baya.

Gwamnati ma ta sa baki. Firaministan Birtaniya na lokacin Boris Johnson ya yi barazanar yin doka don hana shirin, hukumar ƙwallon Turai UEFA kuma ta ce za ta iya hana 'yan wasan waɗannan kulob buga wa ƙasashensu. Amma ni a ganina, ganin jama'arsu a bakin ƙofa ne ya karya wa masu kulob gwiwa. Fushin ma bai huce nan da nan ba. Ranar 2 ga Mayu magoya bayan United suka kutsa cikin Old Trafford suna neman iyalan Glazer su tafi, har aka ɗage wasansu da Liverpool.

Sai dai ba kowa ne ya ga abin da ido ɗaya ba. A Madrid da Barcelona da Turin, birnin Juventus, ba a ga irin wannan bore ba. Da yawa daga cikin magoya bayan can suna cewa: ai Super League ta daɗe da kafuwa, sunanta Firimiya. Ƙungiyar da ta ƙare ta ƙarshe a Ingila tana samun kusan fam miliyan 100 na talabijin, abin da yawancin kulob ɗin Italiya da Sifaniya ba sa gani. Kuma ita kanta Firimiyar, a 1992 manyan kulob suka ɓalle daga tsohuwar gasa suka kafa ta saboda kuɗin talabijin. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Bambancin kawai, waɗanda suka ɓalle a 1992 sun bar ƙofa a buɗe. Ta wannan ƙofa Leicester ta hau a 2014, ta lashe kofi a 2016.

Akwai kuma masu cewa UEFA ba ta da bakin magana. A ranar Litinin ɗin da shugabanta Aleksander Ceferin yake kiran masu shirin macizai, a ranar hukumar ta amince da sabon tsarin Gasar Zakaru mai ƙungiyoyi 36. A cikinsa har an ware gurbi biyu ga manyan kulob bisa tarihinsu ko da sun gaza a gida. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. Sai da aka matsa mata lamba sannan ta soke wannan ɓangare a 2022.

To mu fa? Mu ma muna cikin lissafin. Masu shirin sun ƙiyasta cewa mutanen unguwar Anfield da na arewacin Landan, gidan Arsenal da Tottenham, tsiraru ne, ainihin kasuwa tana Asiya da Amurka da Afirka, wurin miliyoyin da ke kallo ta allo. Sun ɗauka mu manyan sunaye kawai muke so. Kuma gaskiya akwai waɗanda a cikinmu suka ce in dai Madrid da Liverpool za su riƙa haɗuwa kowane wata, a kawo. Amma duk wanda ya saba zama a gidan kallo a Kano ko Zariya ko Maraɗi ya san ranar da benci yake cika. Ranar da ake neman gurbi na huɗu ce, ko ranar da ƙaramar ƙungiya ta riƙe wa babba wuya, ɗan Arsenal ya zo kallon wasan United ba don komai ba sai don ya ga an doke ta ya sami abin tsokana har mako ya zagayo. Madrid da Liverpool suna da daɗi ne saboda ba kullum ake samu ba, kuma wanda ya faɗi ya tafi gida. Sannan yawancin 'yan wasanmu ba a waɗannan kulob 12 suke farawa ba. Wilfred Ndidi daga Genk ya zo Leicester. Victor Osimhen ya bi ta Charleroi da Lille kafin Napoli. In aka kwashe kuɗin aka kulle a ɗaki ɗaya, matakalar da yaranmu ke hawa ce za ta fara lalacewa.

Tsugune dai ba ta ƙare ba. Kulob shidan Ingila sun biya fam miliyan 22 a haɗe, abin da bai kai kuɗin ɗan wasa ɗaya ba, tare da sharaɗin cewa wanda ya sake za a zaftare masa maki 30. Real Madrid da Barcelona da Juventus suka nufi kotu. Ranar 21 ga Disambar 2023 Kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa dokokin da FIFA da UEFA suka dogara da su wajen hana sabuwar gasa sun saɓa wa dokar Turai, amma ba ta ce dole a amince da Super League ba. Kamfanin A22 da ke tallata shirin ya dawo da sabon tsari mai kulob 64, daga baya 96, da hawa da sauka, da alkawarin kallo kyauta ta intanet. Wato su da kansu sun jefar da gurbin dindindin. Duk da haka kulob ɗin Ingila suka yi ta fitar da sanarwa cewa ba ruwansu.

A Ingila boren ya haifar da abu mai ɗorewa. Binciken da 'yar majalisa Tracey Crouch ta jagoranta ya kai ga dokar 2025 da ta kafa hukuma mai zaman kanta, wadda ke da ikon hana kulob shiga gasar 'yan ɓallewa. A Jamus tuni suna da dokar 50+1, wadda ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun mambobin kulob, shi ya sa shugaban Bayern ko Dortmund ba zai iya sa hannu a irin wannan takarda cikin dare ba tare da ya fuskanci jama'arsa ba.

Abin da magoya baya ba su iya hanawa ba shi ne kuɗin ya ci gaba da taruwa wuri guda. Gasar Zakaru tun 2024 ta tashi daga wasa 125 zuwa 189, manya suna haɗuwa da juna tun zagayen farko. FIFA ta ƙara da Gasar Kulob ta Duniya mai ƙungiyoyi 32 a 2025, da kyautar dala biliyan ɗaya. Kofin Super na Sifaniya tun 2020 aka fara kai shi Saudiyya. Fagen rigimar yanzu ya koma kan fitar da wasannin gasar cikin gida zuwa ƙetare. A 2025 La Liga ta shirya kai wasan Villarreal da Barcelona birnin Miami, ƙungiyoyin magoya baya suka yi ca, 'yan wasa a faɗin Sifaniya suka riƙa tsayawa cik na daƙiƙa 15 bayan busa usur ɗin farko, a watan Oktoba aka soke tafiyar.