Sharhi: Dan Allah a bar Kelvin Sampson ya sha ruwa, ku fara tuna inda ya tsinci Houston

Jama'a masu sauraro barkanmu da warhaka. Tun da aka buga fainal ɗin ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka ranar 7 ga Afrilun 2025, wanda mu nan sai da muka hana idonmu barci tunda wajen ƙarfe biyun dare aka take shi, saƙonni suke ta shigo mana kuma kusan duk bakinsu ɗaya, wai kocin jami'ar Houston Kelvin Sampson ba mai cin kofi ba ne, wai tsoho ne ya kai shekara 69 ya je ya huta, wani ma cewa ya yi ai dama mutumin da aka taɓa kamawa da karya doka me ake jira daga wajensa. To ni dai wannan magana ta ishe ni, kuma yau sai na amayar da abin da ke cikina.

Abin da ya faru a San Antonio kowa ya gani, ba zan ɓoye ba. Florida ta ci 65 da 63. Houston ta ba da tazarar maki 12 bayan an dawo hutun rabin lokaci, kuma duk tsawon wasan lokacin da Florida ta yi tana gaba bai kai minti biyu ba. Harin ƙarshe Emanuel Sharp na Houston ya daka tsalle zai yi jifan maki uku, Walter Clayton Jr. na Florida ya taso masa, yaron ya saki ƙwallon a ƙasa kuma doka ta hana shi sake taɓa ta, haka ya tsaya yana kallonta tana tsalle har lokaci ya cika. Abin da ciwo wallahi. Ni kaina na daɗe zaune ban kashe talabijin ba.

Amma daƙiƙa ashirin ɗin nan su ne za a auna aikin shekara goma sha ɗaya da su? Haba jama'a. Ku tuna inda ya tsince su mana.

Lokacin da Sampson ya karɓi Houston a 2014, rabon jami'ar da ta ci wasa ko ƙwaya ɗaya a gasar hukumar wasannin jami'o'in Amurka NCAA, wadda ake ce wa March Madness, tun 1984. Ku sake ji da kyau, tun 1984. Kuma mu 'yan Najeriya ya kamata mu fi kowa sanin wannan shekarar, domin zamanin Hakeem Olajuwon ne, yaron da ya taso daga Legas ya je Houston ya zama dodon filin. Shi da su Clyde Drexler suka kai fainal a 1983 NC State ta doke su 54 da 52 da ƙwallon da Lorenzo Charles ya dankara a daƙiƙar ƙarshe, a 1984 suka sake komawa Georgetown ta su Patrick Ewing ta doke su. Daga nan Hakeem ya wuce NBA, gasar ƙwararru ta Amurka, gidan ya mutu murus. Shekara talatin da ɗoriya sau huɗu kacal suka leƙa gasar, 1987, 1990, 1992 da 2010, kuma duk a wasan farko ake sallamo su.

Wannan kangon Sampson ya tarar. Zauren wasansu Hofheinz Pavilion ya tsufa, kujeru wayam, kakarsa ta farko wasa 13 ya ci aka ci shi 19. Mutumin da ya taɓa kai Oklahoma zagayen 'yan huɗu a 2002 shi ne ya koma yana zagaya harabar jami'a da lasifika a hannu yana roƙon ɗalibai su zo su kalli wasa. Koci guda fa, da furfurarsa. Wanda yake turo min saƙo daga kan katifarsa yana cewa tsohon bai iya ba, ina so ya faɗa min koci nawa ne masu irin sunansa za su yarda su yi wannan.

Daga nan sai ku bi lissafin a hankali. A 2018 suka ci San Diego State, nasarar farko a gasar cikin shekara 34, sannan Michigan ta fitar da su da jifan Jordan Poole daidai lokacin da aka busa tashi. A 2019 wasa 33 suka ci. A 2021 suka kai zagayen 'yan huɗu, Baylor ta cire su kuma ita ce ta ɗauki kofin. A 2022 zagayen 'yan takwas. A lokacin masu ƙorafi cewa suke ai rukunin da Houston take ciki ba shi da ƙarfi, bari ta shiga cikin manya a gani. To a 2023 ta koma Big 12 inda su Kansas da Baylor suke, shekarar farko ta zo ta ɗaya, shekara ta biyu ta ci wasa 19 cikin 20 na rukunin ta haɗa da kofin rukunin gaba ɗaya, ta gama kakar da nasara 35 da rashin nasara 5. Masu waccan magana shiru kake ji, sun canza waƙa sun koma ina kofin ƙasa.

Kuma dai-dai nan ne raina yake ɓaci, saboda mutanen da suka manta da abin da ya faru kwana biyu kafin fainal ɗin. Duke fa suka buga da ita, Duke mai Cooper Flagg wanda a lokacin kowa ya san shi za a fara ɗauka a NBA. Saura minti takwas da 'yan kai Duke tana gaba da maki 14, da yawa sun kashe kallo sun kwanta. Yaran Sampson suka dinga sassaƙa tazarar, L.J. Cryer ya zuba maki 26, a ƙasa da minti ɗaya na ƙarshe suka ci maki 9 a jere babu amsa, J'Wan Roberts wanda ya shekara shida a jami'ar kuma ba gwanin jifan kyauta ba ne ya tsaya ya zura guda biyu cikin natsuwa, aka tashi 70 da 67. Daren Asabar kenan, kowa yana cewa Sampson gwani ne na gwanaye. Daren Litinin kuma wai bai san aikinsa ba. Mutum ɗaya, yara ɗaya, tsakanin kwana biyu. Wace irin alƙalanci ce wannan?

Ita wannan gasar ma ku fahimci yadda take. Jami'o'i sama da 350 ne a babban rukuni, 68 aka zaɓa a 2025, kuma sili ɗaya ƙwale ce, ba gida da waje, ba a cewa sai mun haɗu a wasa na biyu. Sai ka ci wasa shida a jere. Ɗan wasanka ɗaya ya gurɗe shikenan an gama da kai, kuma hakan ta faru da Houston a 2024, suna gaban Duke jagoransu Jamal Shead ya gurɗe a idon sawu tun kafin hutun rabin lokaci, aka ci su 54 da 51. Shi ma laifin koci ne? Shi kansa Guy Lewis da ya horar da Hakeem sau biyar ya kai zagayen 'yan huɗu bai taɓa ɗaga kofin ba, yau waye zai buɗe baki ya ce Guy Lewis ba koci ba ne, ko ya ce Hakeem ba ɗan wasa ba ne don bai ci kofin jami'a ba?

Sai batun karya doka da ake ta jawowa. E, ya faru, kuma ba na wanke shi. A Oklahoma shi da mataimakansa sun yi wa yaran sakandare da suke zawarci kiran waya sama da 500 da doka ba ta yarda ba, aka sa masa takunkumi, ya koma Indiana ya sake taka dokar, a watan Fabrairun 2008 ya ajiye aiki kuma hukumar NCAA ta ɗaure masa hannu na shekara biyar. Laifi ne, maimaitawar ma ta fi laifin farko muni. Amma ya sha hukuncinsa cif, ya je ya zauna a matsayin mataimaki a Milwaukee Bucks da Houston Rockets har shekara shida, kuma ita dokar wayar tun 2012 hukumar da kanta ta sassauta ta. Ba cinikin wasa ya yi ba, kiran waya ne. To me ya haɗa kiran wayar da aka yi kusan shekara ashirin da suka wuce da ƙwallon da ta suɓuce wa Sharp? Babu. Neman abin faɗa ne kawai.

Inda nake da ɗan shakku, kuma zan faɗa tsakani da Allah, shi ne wajen kai hari. Tsarin Sampson tsaron gida ne da kokawar ƙwallon da ta daki ƙarfe ta dawo, har murfi yake sa wa kwando a atisaye don kowace ƙwallo ta faɗo yara su yi ta dambe a kanta. Wannan ya sa babu ƙungiyar da take son haɗuwa da su. Amma idan wasa ya zo wuya kana buƙatar maki biyu ko ta halin ƙaƙa, wani lokacin sai ka ga Houston ta daskare. A 2022 maki 44 kawai suka iya ci a hannun Villanova. A fainal ɗin nan hare-harensu biyu na ƙarshe ko jefa ƙwallon ba su samu yi ba, kuma koci yana da kaso a wannan, shi ya tsara. Wanda ya kawo min wannan hujjar zan zauna mu yi magana da shi har gari ya waye. Amma gyara ake nema a nan, ba a ce mutum ya tattara kayansa ba.

Don in ka ce ya tafi, wa za ka kawo? Ku tuna inda ya tsince su. Yau suna da Fertitta Center, tsohon zauren nan da aka sabunta aka buɗe a ƙarshen 2018 bayan attajiri Tilman Fertitta ya ba da dala miliyan 20, kuma attajiri ba ya zuba kuɗi irin wannan a inda bai ga alamar motsi ba. Zauren da ake roƙon mutane su shiga yanzu baƙi tsoron zuwa suke. Quentin Grimes, Marcus Sasser, Jarace Walker, Jamal Shead, duk ta hannunsa suka bi suka shiga NBA. Kuma abin da ya fi burge ni, a wannan zamanin da yara suke sauya jami'a kamar riga saboda kuɗi, shi nasa zama suke shekara huɗu, biyar, har shida, duk da kowa ya san atisayensa azaba ce. Yaro ba ya zama wajen wanda yake gasa masa aya a hannu sai in ya ga amfanin abin a jikinsa.

Mutumin nan ɗan ƙabilar Lumbee ne daga Pembroke a jihar North Carolina, mahaifinsa kocin sakandare ne, shi kuma ya fara jan ragama a wata ƙaramar makaranta Montana Tech a 1981, ya bi ta Washington State, ya hau, ya faɗo ƙasa warwas da laifin kansa, ya sake tashi yana dab da shekara sittin. Sama da shekara arba'in yana wannan sana'a. Todd Golden, kocin Florida da ya doke shi, a lokacin shekararsa 39, ba a ma haife shi ba lokacin da Sampson ya fara, kuma ina taya shi murna, Florida ta cancanci kofinta. Amma maki biyu ne tsakani jama'a, maki biyu, jifa ɗaya.

Ko zai ci kofin nan kafin ya ajiye, Allah ne masani, shekaru sun ja, kuma Cryer da Roberts sun gama karatu sun tafi. Su dai hukumomin jami'ar Houston da suka san yadda zauren nan yake a 2014 ba su tsaya sauraron masu surutu ba, sabon kwantiragi suka miƙa masa ya sa hannu. Masu turo saƙo kuma layinmu a buɗe yake, amma dan Allah wanda zai sake rubuto min cewa Sampson bai iya ba, ya haɗo da sunan kocin da ya ci wa Houston wasa ɗaya a gasar NCAA tsakanin 1985 da 2017, sai in karanta saƙon nasa.