Maganin ɗigon ido mai ƙarfi: kwana nawa yake yi? (lacca a Aboabo, Kumasi)

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To, madalla. Abu uku zan faɗa.

Na farko, wannan magani ba a kamfani ake yin sa ba. Idan gyambo ya fito a tantanin da ya rufe baƙin ido, maganin kemis ya gaza, sai likita ya rubuta mai ƙarfi, mu kuma a ɗakin magani mu haɗa shi daga kwalbar allura. Magungunan kashe ƙwayoyin bakteriya ne. Gentamicin na kemis miligiram 3 ne a kowace mililita, namu 14. Cefazolin 50. Vancomycin, na ƙwayoyin cuta masu taurin kai, 25 zuwa 50, kuma yana da zafi a ido, kar ku ce an yi muku mugunta.

Na biyu, nan fa zan daɗe. Garin cefazolin a kwalbarsa yana daɗewa bai lalace ba. Da ya sha ruwa, shi ke nan, kwanakinsa ƙidayayyu ne. Garin gero yana wata a buhu, amma Hajiya, kokon da kika dama da asuba, wa zai saya jibi? A firiji, tsakanin digiri 2 da 8, yawanci kwana 7 muke rubutawa a jikin kwalbar. A firiji na ce! Ba kan talabijin ba, ba aljihu ba, ba cikin tasi a rana a kasuwar Kejetia ba. Zafi yana karya shi, ya soma yin rawaya, ƙarfinsa ya ragu, kai kuwa kana ta ɗigawa kowace awa kana cewa likita bai iya aiki ba. Wanda ya ga dumsor, wato ɗauke-ɗauken wutar lantarki, na 2015 ya san firiji ma alkawarinsa ba tabbas. Wuta ta ɗauke, sa shi a kula da ƙanƙara, amma naɗe shi da ƙyalle. Randa? Randa ta ruwan sha ce, sanyinta bai kai ba. Kuma ko bai canza launi ba, kwanansa ya cika, zubar. Zubar, na ce, kar a ajiye wa maƙwabci.

Na huɗu... na uku ne? To, na uku: bakin kwalbar kar ya taɓa ido ko yatsa.

Na'am, Baba? Ku yi shiru mu ji. Ya ce ɗansa ganyen masara ya soke masa ido a gona, an ɗiga magani sati guda ba sauƙi.

Baba, wannan na iya zama ba lalacewar magani ba. Raunin gona sau da yawa fangas ne ke shiga, wato ƙwayar cuta dangin fumfuna, kuma duk waɗannan da na lissafa ba sa taɓa shi. Natamycin ake ba shi. Sai an kankari gyambon an duba a madubin likita. Ku kai shi sashen ido na asibitin Komfo Anokye gobe da sassafe, ku tafi da duk kwalaben da ya ɗiga, musamman in akwai mai dexamethasone, maganin rage kumburi, a ciki.