Wainar Wata Kashi Huɗu

ZAINAB: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ni ce Zainab, ga Malam Habu, ga kuma Yaya Nura da ya dawo daga Gwanzu ta ƙasar Sin. Yaya Nura sannu da hanya. Tun shigowarka idona yake kan jan gwangwanin nan da ka ajiye.

NURA: Yawwa Zainab, tsarabarku ce. Malam, bisimilla, buɗe mana.

MALAM HABU: To, masha Allahu. Wani abu ne zagayayye kamar kek, an gasa shi ya yi ja, an buga masa rubutun Sinanci a ka. Ga nauyi kuwa, ɗan ƙarami da shi.

NURA: Yuebing ke nan, wainar wata. Ita ake ci a bikin Zhongqiu, bikin tsakiyar kaka, ranar 15 ga wata na takwas a kalandarsu, daren da wata yake cika. A shekarar 2024 ya faɗo ranar 17 ga Satumba, ina can wajen sarin kayan sola. Tun 2008 gwamnatinsu ta mai da ranar hutu, don haka abokan cinikina duk sun tafi gida. Da magariba ta yi sai na nufi lambun al'adu na birnin, kusa da kogin Zhujiang, inda suke kunna fitilu duk shekara.

ZAINAB: Fitilu irin na kan titi?

NURA: A'a, na ado ne, na yadi da takarda, wasu sun fi mutum tsawo. Siffar kifi, siffar zomo, siffar fure. Yara kowa da 'yar tasa a kan sanda. Akwai wani layi da aka rataye 'yan takardu a jikin fitilu, kowace da kacici-kacici, wanda ya canka a ba shi kyauta. Na ga wani tsoho ya saɓa jikarsa a wuya tana karanto masa, yana kaɗa kai.

MALAM HABU: Kulin kulifita!

ZAINAB: Gauta!

MALAM HABU: Ka ji, ashe su ma da farin wata suke nasu, kamar yadda muka yi a dandali. Amma Nura, kafin mu kai wannan baki, ka san abin da mai sauraro zai tambaya.

NURA: Na sani Malam. Wasu masu gashin suna sa kitsen alade, saboda haka ba a saye da ka. Wannan a kusa da masallacin Huaisheng na saya, ɗaya daga cikin masallatai mafi daɗewa a ƙasar, ga tambarin halal ɗinsu a jikin gwangwanin. Batun biki kuma, akwai gidajen da har yanzu suke jera wa wata 'ya'yan itace da turaren wuta. Wannan nasu ne, ni kallo ya kai ni. Ga yawancinsu dare ne na haɗuwar iyali. Suna cewa yadda wata ya cika, haka ya kamata gida ya cika. Mutanen Gwanzu suna haɗawa da dafaffen gwaza da wani ƙaton lemo mai kaurin ɓawo.

ZAINAB: To me ya sa muryarka ta canza da ka ce gida ya cika?

NURA: Uhm. Ai ke kin san a garin na yi karatu, daga 2011 zuwa 2015. Mu huɗu ne a lokacin. Ni, da wani ɗan Zangon Kumasi da muke Hausa da shi, da wani ɗan Lahore ta Pakistan, sai wani Basine Musulmi ɗan ƙabilar Hui daga Ningshiya, can arewa maso yamma. Garinsu ya yi nisa, hutun kuma gajere ne, ba ya iya zuwa gida. Sai mahaifiyarsa ta aiko masa da wainar da ta gasa da hannunta, mai gyaɗa da riɗi da man girki, a naɗe cikin takarda man ya fito ta jiki. Mu hau saman benen ɗakunan kwana, ya ɗauko guda, ya yanka ta huɗu da 'yar wuƙar roba. Sai ya auna da ido kada kason wani ya fi na wani. Nasa shi ne na ƙarshe, kullum.

MALAM HABU: Allah sarki.

NURA: Shi ya ba mu labarin Chang'e, matar maharbin nan Hou Yi da suka ce ya harbo ranaku tara daga cikin goma da suka fito lokaci guda suna ƙona duniya. Aka ba shi maganin rashin mutuwa, ita ta sha, ta tashi sama ta zauna a wata, ba kowa sai zomo yana daka magani a turmi. Ɗan Kumasi ya ce shi dai bai ga turmi ba, aka yi ta nuna masa da yatsa. A watan Disamba na 2013 da kumbonsu mai suna Chang'e 3 ya sauka a kan wata da 'yar motar da suka sa wa sunan zomon, Yutu, tare muka kalla a talabijin ɗin wani shagon taliya. Ya riƙe hannuna gam yana cewa ga zomon ya koma gida.

ZAINAB: Yanzu ina suke?

NURA: Tambayar da ta tsayar da ni ke nan a tsakiyar lambun. Ko'ina na duba mutane uku-uku, huɗu-huɗu, ana yanka waina ana miƙa wa juna. Ni na sayi tawa, ga ta a leda, babu wanda zan yanka wa. Wallahi Malam ba mu yi faɗa ba, ko musu mai zafi ban tuna ba. Na dawo gida, hidimar ƙasa, neman aiki, aure. Na canza waya, tsohon layina na can ya mutu, WeChat ɗina, manhajar da ake hira da ita a can, ya tafi da shi, duk lambobinsu a ciki. Na ce idan na koma zan nema. Sai korona ta zo a 2020, ƙasar ta kusan rufe ƙofarta har farkon 2023.

MALAM HABU: Ni abin da na gani a rayuwa, irin wannan rabuwar ta fi ta faɗa wuyar gyara. Wanda kuka yi faɗa da shi ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa, ka san kalmar da za ka faɗa. Wannan kuwa kunya ce take taruwa, shekara kan shekara, har ka ga kamar sallamar ma ta yi nauyi. Ina da abokin makarantar allo da muka ci a kwano ɗaya shekara shida. Sai labarin rasuwarsa na ji, wata uku bayan an yi sadakar arba'in. Shi ya sa magabata suka ce zumunta a ƙafa take.

ZAINAB: Allah Ya jiƙansa, Malam. Yaya Nura, ba ka gwada neman su ba a daren?

NURA: Na gwada. Na zauna a bakin kogi, ga hasumiyar Kanton can tana canza launi, na shiga Facebook na lalubo ɗan Kumasi. Na rubuta, na goge, na sake rubutawa. Ƙarshe hoton wainar kawai na tura. Ko minti goma ba a yi ba ya kira ni, kalmarsa ta farko ita ce, ina kasona? Muka yi ta dariya, sai kuma muka yi shiru. 'Ya'yansa uku yanzu. Ya ba ni lambar ɗan Lahore, mun yi magana washegari.

MALAM HABU: Saura mai yankan waina.

NURA: Saura shi. Ba ya Facebook. Amma ɗan Lahore yana da wata tsohuwar takardar da wainar ta taɓa zuwa a ciki, da adireshin gidansu a jiki. Ya ɗauko mini hotonta. Na ba wani abokin cinikina ya rubuta mini wasiƙa da Sinanci, na sa sabuwar lambata, na kai gidan waya ranar da zan taso.

ZAINAB: Allah Ya sa ta isa. Malam, ga wuƙar, yanka mana.

NURA: Malam, a yanka huɗu, a ajiye ɗaya.