Ina Huaqiangbei, ku zo ku ga yadda ake aiki

Assalamu alaikum jama'a, ku yi haƙuri da hayaniyar nan, ina tsakiyar kasuwar kayan lantarki ta Huaqiangbei ne a birnin Shenzhen na ƙasar China kuma wallahi har yanzu mamaki bai sake ni ba. Wani yaro ne da bai wuce sa'an ƙanina ba na kai wa allon wata na'urar sola da muke so a sauya mata tsari, ya jujjuya shi ya kira wani a saman bene, wancan ya kira masana'anta a Dongguan, kafin shayina ya huce an faɗa min farashi da ranar da samfur zai fito. Cikin satin nan fa!

Masu cewa China kwaikwayo kawai ta iya, don Allah ku bari. Sai 1980 aka ware garin nan a matsayin yankin tattalin arziki na musamman, amma yau Huawei nan take, BYD masu motocin lantarki nan, Tencent mai WeChat nan, DJI masu jirage marasa matuƙa nan. Kai hatta Tecno da Itel da Infinix da suka cika Farm Centre a Kano, duk na kamfani ɗaya ne, Transsion, hedikwatarsa tana garin nan. Zama suka yi suka karance mu, suka gane muna son sim biyu da batirin da zai jure rashin wuta da kyamarar da za ta fito da baƙar fata tas.

Ni fa a Bangalore na yi karatu, ba da ka nake magana ba, kuma ina ƙaunar Indiya har gobe. Ƙwaƙwalwa kam Allah ya ba su. UPI, tsarin biyan kuɗi ta waya da suka fito da shi a 2016, mai shayin bakin titi ma da waya ake biyansa. A Agustan 2023 suka sauke kumbonsu Chandrayaan-3 kusa da ƙarshen kudancin duniyar wata, ina kallo a waya har da hawayena. Keke Napep ɗinmu ma ai yawanci Bajaj ne da TVS, duk na Indiya. Amma abin da ke ci min rai a can, injiniya zai zana abu mai kyau, sai ya zauna jiran ƙananan kayan haɗi su iso daga nan China. Nan kuwa mai zane da mai ƙera da mai sayarwa kusan unguwarsu ɗaya. Ga kuɗi kuma, China na zuba sama da kashi 2 cikin 100 na arzikinta a bincike, akasari daga aljihun kamfanoni, Indiya ba ta kai kashi 1 ba kuma gwamnati ce ke ɗaukar mafi yawan nauyin.

Wadda ta fi tsaya min a wuya ita ce Brazil. Sun kafa cibiyar binciken noma ta Embrapa a 1973, suka ɗauki dajin Cerrado mai ƙasa mai tsami da kowa ya raina, suka gyara ta da farar ƙasa suka samar da irin waken suya mai jure zafi, yanzu jiragen ruwa ke lodinsa zuwa nan. Mu ma fa muna da cibiyar binciken noma ta IAR Samaru a Zariya, irin masara SAMMAZ da wake SAMPEA daga can suka fito, ina faɗa da alfahari. A ba mutanen nan kuɗi mai ɗorewa a haɗa su da masu masana'anta mana! Kai, ambaton Zariya ma ya tuno min da tuwon masara da miyar kuka, nan kullum taliyar Musulmin Lanzhou nake ci.

Wanda zai zo, ka saita manhajar biyan kuɗi ta Alipay ko WeChat tun daga gida, nan ba a cika taɓa takardar kuɗi ba, jirgin ƙarƙashin ƙasa ma da ke farawa daga yuan 2 da waya ake shiga. WhatsApp da Google ba sa buɗewa haka nan. Kada ka biya kuɗin kaya duka kafin ka riƙe samfur a hannunka ka gwada shi da kanka. Kuma ka rufa wa kanka asiri kada ka sa tafiyarka dab da sabuwar shekararsu, ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu, masana'antu rufewa suke yi ma'aikata su tafi garuruwansu, kuɗin otal kawai za ka yi ta ƙonawa.